Kwana tara da raba akwatin ƙudan zuma ban ga ƙwai ba: in jira ko mu sayo sarauniya?

Tambaya: Salamu alaikum, Malam. Ina aiki a wani manhal, wato wurin kiwon ƙudan zuma, ta wajen Shafa, sama da Ɗa'ifa a Saudiyya. Ranar 28 ga Maris muka raba akwatuna shida masu ƙarfi na ƙudan baladi, wato jinsin ƙudan zuma 'yan ƙasa, kowanne gida biyu, muka bar rabin da ba shi da sarauniya ya yi tasa da kansa. Yau kwana 9 ke nan. Na buɗe su sau uku, ban ga ƙwai ko ɗaya ba, ƙudan sun ragu sosai, ga ɗakunan sarauniya birjik, wani birwaz ɗin (katakon da ke riƙe da saƙa) har bakwai. Kafilina, wato maigidan da nake wa aiki, ya ce in aka ƙara mako ba a ga ƙwai ba zai sayo sarauniyoyi 'yan Masar a zuba musu, kuma yana so mu kwashe manhal ɗin duka mu bi furen ɗalhi, wata bishiya mai ƙaya. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka kwantar da hankalinka, ka kuma lallaɓa maigidan naka ya mayar da kuɗinsa aljihu tukuna. Rashin ƙwai a kwana na 9 shi ne daidai. Da ce mini ka yi ka ga ƙwai, da na ce tsohuwar sarauniyar ce ta biyo wannan rabin ba ku sani ba, ku je ku duba ɗaya rabin. Abin da ya fi damuna a cikin maganarka shi ne buɗewar nan sau uku.

Aikin da ke bayan rabo kusan dukansa lissafin kwana ne, don haka ka samo alli ko alƙalamin maka ka rubuta 28/3 a murfin kowane akwati kafin ka ƙarasa karanta wannan. Ga yadda abin ke tafiya. Ƙwai yana kwana 3 kafin ya ƙyanƙyashe. Daga ranar da aka saka ƙwan zuwa ranar da sarauniya za ta fito kwana 16 ne, ta baladi ma takan ɗan riga haka. To amma ƙudan da suka wayi gari ba uwa ba sa tsayawa jiran ƙwai, tsutsa 'yar kwana ɗaya ko biyu suke zaɓa su faɗaɗa mata rami su cika ta da abincin sarauta. Shi ya sa sabuwar sarauniya ke fitowa wajen kwana 11 zuwa 13 da rabo. A lissafinka, tsakanin 8 da 10 ga Afrilu ke nan. Bayan ta fito sai ta yi kwana 5 ko 6 jikinta ya yi ƙwari, ta fara 'yan fita na gane ƙofar gida, sannan ta tashi barbara, da rana tsakanin azahar da la'asar in iska ta kwanta. A sama ake barbararta, nesa da akwati, maza goma ko fiye, wani lokaci a fita biyu ko uku. In ta gama sai ta ƙara kwana 2 ko 3 kafin ta fara saka ƙwai. Haɗa duka, za ka ga ƙwai na farko tsakanin kwana 21 da 28, wato daga 18 zuwa 25 ga Afrilu. In an yi hazo ko iska mai ƙarfi irin ta Shafa, abin yakan ƙara 'yan kwanaki. Makon da kafilinka ya ɗiba zai ƙare ne daidai lokacin da budurwar sarauniya ke yawo a kan saƙa, ba ta ma fita barbara ba.

Yanzu ga abin da za ka yi gobe da hantsi, ba jibi ba, domin lokaci ya ƙure. Ka buɗe sau ɗaya ka rage ɗakunan nan. Ƙudan baladi suna da yawan gina ɗakunan sarauniya, suna kuma da saurin tashi. In ka bar bakwai, ta farko da ta fito ba lalle ta kashe sauran ba, tana iya kwasar rabin ƙudan ta tafi, ta biyu ma ta kwashi nata, ka wayi gari da akwatin da ƙudan cikinsa ba su cika tafin hannu biyu ba. Ka bar biyu masu kyau a kusa da juna, ka ɓare sauran da wuƙar aiki. Mai kyau shi ne dogo mai kauri wanda ya rataya ƙasa, jikinsa da ƙuraje-ƙuraje kamar ɓawon gyaɗa, ƙudaje sun lulluɓe shi. Gajere mai santsi, ko wanda ya karkace a gefen birwaz inda ba ɗumi, ɓare shi. Da a kwana na 4 ko na 5 ka tambaye ni, da na ce ka ɓare duk wanda ka tarar an riga an rufe, domin daga tsutsar da ta girma aka yi shi, sarauniyarsa ba ta ƙoshi da abincin sarauta tun farko ba. Wannan ya wuce, sai a rabo na gaba.

Birwaz ɗin da ke ɗauke da ɗakunan kuwa, ka riƙe shi kamar ƙwai a cokali. Kada ka kakkaɓe shi, kada ka juya shi ƙasa ta koma sama, kada ka jingine shi a rana. In ƙudaje sun rufe maka gani, hura musu iska kaɗan ko ka share su da gashin tsuntsu. In akwai akwatin da bai yi ɗaki mai kyau ba, yanko ɗaya daga mai yawa tare da saƙar da ke kewaye da shi, ka manna a tsakiyar hadnar wancan, wato inda ƙwai da tsutsa da 'ya'yan da ba su fito ba suke.

Tunda ka buɗe, ka gyara maganar raguwar ƙudan a wannan buɗewar. Ba mutuwa suke yi ba. Manyan da suka saba fita kiwo sun haddace tsohon wurin, suna fita daga sabon akwati sai su koma gidan uwa. Maganinsa tun ranar rabo ne: ko dai a kai sabon rabin nesa, kilomita 3 zuwa 5, ko a bar shi a tsohon wurin a ɗauke mai uwar, ko kuma a ƙara kakkaɓa masa ƙananan ƙudaje masu reno waɗanda ba su taɓa fita ba. Yanzu abin da ya rage maka shi ne ka ɗauko birwaz ɗaya na hadna rufaffiya, wadda murfinta ya yi duhu har ka ga wasu sun fara huda shi suna leƙowa, daga akwati mai ƙarfi, ka saka wa mai raunin. Ka tabbata ka ga tsohuwar sarauniya da idonka a wani birwaz daban kafin ka ɗauka. Kuma kada ka ba su abin da ya fi ƙarfin rufewarsu. Hadna tana son ɗumi na digiri 34 zuwa 35 dare da rana, Shafa kuwa ta haura mita 2,000, daren farkon Afrilu da sanyinsa. Hadnar da ƙudaje ba su rufe ba, da safe za ka ga suna jawo gawarwakinta zuwa ƙofa. Saboda haka ka matse su. In birwaz huɗu suke rufewa, ka bar musu huɗu ko biyar, ka sa katakon tsakani ko ka cusa buhun algarara a sauran filin. Saƙar da ka bari ba mai gadi kuwa, tsutsar kaki ce za ta gaje ta.

Daga nan ka rufe, ka ɗora dutse, kada hannunka ya sake taɓa murfin sai 21 ga Afrilu ko bayan haka. Na san da wuya, musamman in maigida na tsaye a kanka yana tambaya. Budurwar sarauniya firgitacciya ce. Tana da sauri, cikinta bai kumbura ba, da wuya ka bambanta ta da ma'aikata, kuma in ka ɗaga birwaz tana iya tashi ta ɓace. Wani lokaci kuma ƙudan da hayaƙi ya ruɗa sukan dunƙule ta su shaƙe ta. In kana son labari, ka tsuguna gefen akwati bayan magariba a ranakun 8 zuwa 10 ga wata, ka manna kunnenka a katako. Wani sa'in za ka ji wata siririyar ƙara, tiii, ti, ti, ti, sai wata ta amsa daga ciki da murya mai kauri kamar ta kwaɗo. Ta farkon ta fito, ta biyun tana ɗakinta har yanzu. Shekara da shekaru ina jin wannan, har yau in na ji sai na daɗe a tsugune.

Aikinka a waɗannan makonni biyu duk a waje yake. Ka rage ƙofa ta koma faɗin yatsa biyu, domin ƙaramin gida ba shi da masu gadi, maƙwabta kuma da sun shaƙi zuma sai fashi. Za ka gane fashi in ka ga ƙudaje suna shawagi a bayan akwati da gefen murfi suna neman kafa, ana kokawa a bakin ƙofa, ga ɓarɓashin kaki a ƙasa. In ya fara, rufe akwatin da jiƙaƙƙen buhu, ka bar ƙofa ta ƙuda ɗaya. Abinci kuwa, in ka bar musu birwaz na zuma da na garin fure, ya wadatar. In babu, ka dama sukari kilo ɗaya da ruwa lita ɗaya, ka zuba musu kaɗan-kaɗan da yamma a mazubin da ke cikin akwati ko a saman murfin ciki, yadda ba sai ka ɗaga birwaz ba, kuma kada ka ɗiga a ƙasa. Kada ka cika da yawa, yana tsami cikin 'yan kwanaki. Ruwan sha ya kasance kusa, a faranti mai tsakuwa, domin masu ɗebo ruwansu sun koma gidan uwa. Ƙafafun teburin kuma ka sa su a gwangwani mai ruwa ko ka shafa musu giris saboda tururuwa.

Akwai wani ƙaramin abu da mutane ke rainawa. A nan ƙasar an saba jera akwatuna manne da juna a ƙarƙashin rumfa ɗaya, launi ɗaya, ƙofa duk gabas. Sarauniyar da ta dawo daga barbara in ta kuskure ta faɗa ƙofar maƙwabta, kashe ta za su yi nan take. Kafin 12 ga wata ka bambanta mata gidanta: ka shafa fenti shuɗi a gaban wannan, rawaya a gaban wancan, ka ɗora dutse a kan ɗaya, reshe a kan ɗaya. Da zarar ta fara fita kuma, kada ka matsar da akwatin ko taku ɗaya.

Abin da nake tsoro a rabonka, gaskiya, shi ne warwar. Tsuntsun nan mai cin ƙudan zuma, mai launin kore da rawaya, yana ratsa ƙasar nan sau biyu a shekara, a bazara yana hawa arewa, da kaka yana komawa Afirka, kuma Afrilu tsakiyar wucewarsa ce. In garkensa ya sauka a kan waya ko busasshen reshe kusa da manhal, ƙudan baladi sukan ƙi fita gaba ɗaya, sarauniyar da ta fita kuwa ta fi kowa girma da nauyin tashi. Ka kasance a wurin daga azahar zuwa la'asar tsakanin 13 da 20 ga wata, ka riƙa korarsa da buga gwangwani, ka sare busassun rassan da yake sauka a kai. Duk da haka kada ka sa rai shida za su dawo shida. In ka samu huɗu ko biyar, ka yi hamdala. Wannan ne ma dalilin da zai sa ka faɗa wa kafilinka tun yanzu, kada ranar ta zo ya ce sakacinka ne.

Maganar sayo sarauniya, bari in ba ka labarin kaina. Shekarata ta biyu a wannan aiki, a wani kwari ta wajen Baha, na raba akwati, kwana 17 ban ga ƙwai ba, raina ya tashi. Na je na sayo sarauniya a keji, mai ɗigon fenti a baya, na rataya ta tsakanin birwaz biyu. Washegari na leƙa na tarar ƙudaje sun dunƙule kejin suna cizon waya, in ka tura su da yatsa ba sa matsawa. Ban san ma'anar hakan ba a lokacin. Na ce ai murna suke yi, na buɗe mata. Da safe na tsince ta a ƙasa gaban ƙofa, fukafukanta a yage. Kwana biyar bayan haka sai ga ƙwai reras a tsakiyar saƙa. Ashe tasu tana ciki duk tsawon lokacin. Gidan da ke da budurwar sarauniya, ko ma ɗakin sarauniya rufaffe, ba ya karɓar baƙuwa. Kuma baladi sun fi taurin kai in baƙuwar ba jinsinsu ba ce.

Ko da za su karɓa, ni ba zan canza maka jinsi ba. Ƙudan baladi ƙanana ne, gidansu ba ya cika kamar na 'yan Masar, zumarsu a akwati ɗaya ba ta kai ta waɗancan a shekara mai kyau. Amma su ne 'yan ƙasa, jinsin nan ne ake samu daga Yaman da Oman har Sudan da Chadi, sun san zafi, sun san fari, suna tattalin abinci. 'Yan Masar da ake shigowa da su kowace shekara, da yawa kaka ɗaya suke yi, zafin bazara ya gama da su, a sake sayo wasu. Mai neman zumar kaka ɗaya ya sayar, lissafinsa daban. Wanda ya raba don ya ƙara yawan akwatunan da za su zauna masa, baladi ne jarinsa. Sai dai ka sani, sarauniyarka ba ta tambayar asalin mazan da ta haɗu da su a sama. In manhal ɗin da ke kusa da ku 'yan Masar ne, 'ya'yanta za su fito ruwa biyu.

Ranar 21 ko 22 ga Afrilu ka buɗe da hayaƙi kaɗan. Kada ka nemi sarauniya, ƙwai za ka nema. Ka juya wa rana baya, ka karkata birwaz ɗin tsakiya haske ya shiga ramuka, za ka ga abu fari siriri kamar ƙaramin tsinken shinkafa a tsaye a gindin rami. Da ka gani, mayar, rufe. In ba ka gani ba, duba ɗakunan da ka bari. Wanda bakinsa ya buɗe a zagaye kamar an cire murfin kwalba, mai shi ta fito lafiya. Wanda aka huda ta gefe, kishiya ce ta kashe ta ciki. Sannan ka dubi tsakiyar saƙa: in sun share wani fili sun goge ramukansa suna ƙyalli, ba su zuba ruwan fure a ciki ba, kuma suna zaune lafiya a kan birwaz, to suna da uwa, shimfiɗa suke yi mata. Ƙara musu mako. Marayu kuwa za ka ji su tun kafin ka gani, gurnani suke yi, suna watse a kan saƙa suna kaɗa fukafukai.

In kana shakka, akwai gwajin da ba ya ƙarya. Ɗauko birwaz mai ƙwai da ƙananan tsutsa daga gidan uwa, ka kakkaɓe ƙudansa, ka saka musu. Bayan kwana 3 ka duba. In sun fara ɗakunan sarauniya a kai, ba su da uwa. In ba su yi ba, tana nan. Wanda ya tabbata maraya, a nan ne kuɗin kafilinka zai yi amfani: ku nemo sarauniya baladi mai saka ƙwai, ka ɓare ɗakunan da suka fara, ka rataya kejin kwana 3 ko 4, kada ka sake ta sai ka ga suna ciyar da ita ta cikin waya a natse. In gidan ya yi rauni ƙwarai, kada ka wahalar da kanka, haɗa shi da wani: ka ɗora shi a kan mai uwa, takardar jarida a tsakani da 'yan huda, kafin su cinye takardar ƙamshinsu ya zama ɗaya.

Kada ka bar maraya ya wuce 2 ga Mayu, kwana 35 ke nan. In hadna ta ƙare ba uwa, wasu ma'aikata sukan fara saka ƙwai da kansu, kuma ƙwansu maza kawai yake bayarwa. Alamarsa ƙwai uku, huɗu, biyar a rami ɗaya, manne a bango don cikinsu bai kai gindi ba, har a kan garin fure. Daga baya murfin hadnar ya yi tudu-tudu a warwatse. Irin wannan gida yana kashe duk sarauniyar da aka ba shi, gara ka kai shi nesa kaɗan ka kakkaɓe, ka ɗauke akwatin, su raba kansu a gidajen maƙwabta. Amma ka lura, sabuwar sarauniya ma a kwanakinta na farko takan saka biyu a rami ɗaya, sai dai nata a gindi suke, a jere, wuri ɗaya. Kada ka yanke mata hukunci da wuri.

Akwai wata riba a cikin wannan jira da ya kamata ka ci. Ƙwaron farowa, ɗan mitsitsin nan da ke manne wa ƙudan zuma yana ci daga jikinsu, a cikin hadna rufaffiya yake ɓuya yana haihuwa. Zuwa kwana 24 duk tsohuwar hadna ta fito, ta sabuwar sarauniya kuma ba za a rufe ta ba sai bayan kwana 8 ko 9 da fara sakawa. A wannan tsakanin duk ƙwaron yana kan jikin ƙudaje a fili, magani ɗaya sai ya kama kusan dukansa. Gidan da ka ƙara wa hadna ko birwaz ɗin gwaji, ka duba ko ta gama fitowa. Da ka ga ƙwai, ka sa magani mai rajista, ka bi abin da aka rubuta a jikinsa na adadi da zafin rana, kada ka ƙara don son ya yi ƙarfi.

Gidajen uwa shida kuwa ba su da wata matsala sai cunkoso. Duk masu kiwo sun koma can, za su cika wurin ƙwai da ruwan fure. Ka ba su saƙa ko takardar kaki a gefen hadna, ba a tsakiyarta ba, kuma kada ka ɗebi hadnarsu fiye da birwaz ɗaya a mako biyu in ana son zumar ɗalhi daga gare su.

Su ne za ku ɗora a mota in lokacin ɗalhi ya yi. Sababbin kuwa, ba za su motsa daga Shafa ba sai kowacce ta fara saka ƙwai, an ga hadnarta a rufe lafiya lau, sannan a ɗauke su da dare. Kuma ka yi wa maigidan wannan lissafin a takarda ya gani da idonsa: sarauniyar da ta fara sakawa 22 ga Afrilu, 'ya'yanta na farko za su fito bayan mako uku, wajen tsakiyar Mayu, sai sun ƙara kamar mako uku suna aikin cikin gida kafin su fara fita kiwo, farkon Yuni ke nan. Abin da za su samu a ɗalhi cikinsu ne, kada a taɓa musu shi. A bar su su cika birwaz bakwai ko takwas a bazara, a tsare musu inuwa da ruwa, a daina ba su sukari makonni kafin furen sidir, wato kurna, ya buɗe wajen Oktoba don kada ya gauraya da zumar sayarwa. Zumar da za a lissafa da su ta sidir ce.

In ka buɗe ranar 22, ka rubuto mini abin da ka gani a kowane akwati da lambarsa, musamman yadda bakin ɗakunan nan biyu ya buɗe.